KWALBATIN DA YA CI MUTUM BAKWAI

Shafi na 21

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Masu cewa Yamusa ba shi da zuciya, matarsa ta rasu ko ɗigon hawaye bai yi ba, duk na ga saƙonninku. Hajiyar da ta rantse ta daina karantawa, ki gyara zama tukuna. Ku da kuka shigo yau kuma, muna Abuja ne, watan Nuwamba na 1991, saura wata ɗaya gwamnati ta baro Legas ta tare gaba ɗaya.

*

Motar makaranta ta tsaya a inda kwalta ta yanke, a sabuwar hanyar da ta ɓulle ta bayan Karu.

Injiniya Yamusa ne ya fara sauka. Wata uku rabonsa da wurin. A watan Agusta, da sassafe, kwalbatin nan ya rufta da motar ma'aikata. Mutum bakwai suka rasu. Cikinsu har da matarsa Batulu, ma'aikaciyar jinya, tana hanyar zuwa asibiti.

Ya tsaya a bakin ramin yana jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Bai ji ba. Haka yake tun ranar. Yana cin abinci don an ajiye masa, yana amsa gaisuwa don an gaishe shi.

Ɗalibai goma sha shida suka sauko bayansa. Sabbin shiga ne, satinsu uku da fara karatun injiniya. Ma'aikatarsu Yamusa ce take ba da aronsa ga makarantar duk ranar Alhamis.

Nazir, wanda bakinsa ba ya hutawa a aji, ya leƙa ramin ya ɗago.

"Malam, nan ne ajin yau?"

"Nan ne."

"Ba allo?"

"Ga shi can a ƙasa."

Suka duba. Tarin fasasshen kankare ne, rodi ya miƙe ta ko'ina, ga wani bututun siminti kwance a karkace, ruwa kaɗan yana bi ta gefensa.

Yamusa ya buɗe jakarsa. Ya fito da tef ɗin awo guda biyu, da guduma, da wata babbar takarda a naɗe. Ya shimfiɗa ta a kan murfin mota. Zanen kwalbatin ne. An lanƙwasa kusurwar ƙasa an soke ta da fil.

"Wannan kusurwar kada wanda ya buɗe sai na ce. Aikinku ɗaya ne. Kafin azahar ku gaya min abin da ya kayar da kwalbatin nan."

"Ai an riga an faɗa, Malam," in ji Nazir. "Har a rediyo. Direban ne ya yi ganganci. Ba a buɗe hanyar ba, ya janye durom ɗin da aka tare ta da shi ya bi. Kwamiti ma haka ya ce."

Wasu suka gyaɗa kai. Wata yarinya doguwa mai farin mayafi, Lantana, ɗaya daga cikin mata biyu kacal a ajin, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

"Abin da ya kawo motar ka faɗa min," in ji Yamusa. "Ni abin da ya kayar da kwalbatin na tambaya. Motar mutum goma sha takwas ce. Shi kuwa don tirela aka gina shi."

Nazir ya sosa ƙeya.

"To ɗan kwangila ne. Ya ci siminti."

"Ka gani?"

"Ai kowa ya san halinsu."

"Kowa ba injiniya ba ne. Ga guduma."

Nazir ya gangara yana zamewa, sauran suka bi shi. Ya zaɓi wani babban ɓalli ya ɗaga guduma ya sauke da ƙarfinsa. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, ya sake ta yana yarfe hannu. Aka yi dariya.

Yamusa bai yi ba.

"Me ka ji?"

"Ƙara take kamar ƙarfe, Malam."

"Kankaren da aka ci simintinsa ba ya wannan ƙarar. Marmashewa yake. Ku ƙirga rodi, ku auna kaurinsa, ku duba zane."

Suka ƙirga, suka auna. Wani ya hau sama ya duba takarda ya ƙwala musu lamba. Daidai. Suka sake a wani ɓallin. Daidai. Har bututun suka auna. Ƙafa uku a ƙasa, ƙafa uku a takarda.

Rana ta fara zafi. Sabbin takalma duk sun sha taɓo.

"Malam, mutumin nan bai saci komai ba," in ji Nazir, kamar abin ya ɓata masa rai. "Abin da aka zana masa ya gina."

"To?"

Wani daga baya ya ce, "Ƙaddara ce kawai. Ruwan Allah ne."

"Ruwan Allah ne," in ji Yamusa. "Bara ma Ya saukar, baɗi ma in Ya so zai saukar. Shi ya sa ake ɗaukar injiniya aiki. Ku tambayi ruwan nawa ya zo ranar."

"Mu tambayi ruwa?"

Yamusa ya juya musu baya. Ya zauna a kan wani dutse, ya zuba hannuwa a kan gwiwa.

Suka tsaya cirko-cirko. Lantana ce ta bar su, ta bi rafin ta sama a hankali. Can ta tsaya ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure ta ɗaga kai. Busasshiyar ciyawa ce da tsummoki maƙale a reshe, sama da kanta, duk sun karkata gefe ɗaya.

"Ku kawo tef," ta ce.

Shi ne karo na farko da yawancinsu suka ji muryarta.

Suna cikin awo wata tsohuwa 'yar Gbagyi ta ɓullo daga gona, da ƙwarya cike da doya a kafaɗa. Ta tsaya tana kallonsu. Lantana ta russuna ta gaishe ta.

"Mama, kullum ruwa yana kaiwa nan?"

Tsohuwar ta sauke ƙwaryar.

"Da ba ya kai. Da kurmi yana can sama, shi ne yake shan ruwa. Ruwan sama ya yi yau, sai gobe rafi ya cika, a hankali. Yanzu an sare kurmi, an yi gida, an yi kwano, an yi titi. Ruwa ya sauka, kafin ka ɗaura zani ya iso."

"Tun yaushe?"

"Damina huɗu. Ni ya gaya wa masu aiki, wannan rami ya yi kaɗan. Suka ce Mama, takarda daga Legas ne ya zo."

"Mai takardar ya taɓa zuwa nan?"

Tsohuwar ta girgiza kai.

"Gonana ne nan. Kullum ina nan. Ban ga shi ba."

Ta ɗora ƙwaryarta ta wuce.

Suka dawo wurin mota. Lantana ta buɗe littafinta a gefen zanen tana lissafi, sauran sun kewaye ta. Yamusa ya taso.

"Me kuka samu?"

"Faɗin ruwan ranar ya kai ƙafa ashirin da biyu, Malam. Zurfinsa kusan shida. Bakin bututun ƙafa uku ne." Ta tsaya ta sake duba lambobin. "Ko kashi ɗaya cikin goma na ruwan ba zai wuce ta ciki ba."

"Sauran fa?"

"Taruwa zai yi a baya."

"Sai me?"

"Sai ya nemi hanya. Ya ci ƙasar da ke gefen bututun, ya kwashe ta ƙarƙashin titi."

"Kwaltar sama fa?"

Ta sake duba littafin. Da ta yi magana, muryar ta ragu.

"Tana nan lafiya. Ƙasanta ne ya zama rami."

"Direban zai gani?"

"Ba zai gani ba."

"Ba zai gani ba," Yamusa ya maimaita. "Ko wa ya fara hawa, shi zai faɗa. To wa ke da laifi?"

"Wanda ya zana!" Nazir ya buga murfin mota. "Wallahi ɗaure shi ya kamata a yi. Mutum bakwai fa! Yana can Legas yana shan iskar fanka, bai ma san inda Karu take ba."

"Cire fil ɗin, Nazir."

Nazir ya cire, ya warware kusurwar. Ya fara karantawa da ƙarfi.

"Wanda ya zana, Yamusa Ɗan..."

Ya tsaya.

"Ƙarasa."

"Yamusa Ɗangoggo. Maris, 1987."

Daga babban titi can nesa ana jin ƙugin manyan motoci, jere suke wucewa kullum ɗauke da tebura da kujeru da fayil-fayil na ofisoshin Legas.

Yamusa ya yi magana kamar mai karanta sanarwa.

"Ina hawa na bakwai a ofishinmu na Legas. Aka ajiye min kwalbati arba'in da ɗaya, aka ce sati biyu, sabon birni ba zai jira kowa ba. Taswirar da na yi aiki da ita ta girmi wasunku. A jikinta kurmi ne a saman rafin nan. Na yi lissafin ruwan kurmi. Lissafin daidai ne, ku je ku duba. Kurmin ne babu. Kwana biyu ne a mota daga Legas zuwa nan, ban zo ba. Da na zo, da na tarar da katafila tana sare shi. Da na haɗu da tsohuwar nan."

Ya naɗe tef ɗin da ke hannunsa har ƙarshe.

"Wannan ne aikin da kuka zo koya. Za ku ja layi da fensir a ofis, mutumin da bai taɓa jin sunanku ba ya ɗauko iyalinsa ya bi ta kai. Abin da ba ku taka da ƙafarku ba, kada ku sa masa hannu. Ko wa ya ce ku yi sauri. Darasin yau kenan."

Nazir ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malam, wallahi ban san..."

"Gaskiya ka faɗa."

"An ce... an ce matarka ma tana ciki."

"Tana ciki."

Haka ya faɗa, kamar an tambaye shi ƙarfe nawa. Ɗaya yarinyar ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Lantana ba ta ɗago daga littafinta ba.

"Malam, ranar da kwamiti ya zauna kana wurin?"

"Ina wurin."

"Da suka ce direba ne, ka yi magana?"

"Ban yi ba."

"Me ya sa?"

Yamusa ya dubi ramin.

"Ban sani ba. Ina zaune ina jinsu kamar a wani ɗaki suke. Aka miƙo takarda na sa hannu."

"Ka san sunan direban?"

"Mato."

"Mato wa?"

Yamusa ya girgiza kai.

"Shekara goma sha ɗaya yana jan motar ma'aikatarku. Tun daga Legas. Mato wa?"

"Ban sani ba."

"Mato Kure."

Takardar sunayen ajin tana aljihun rigarsa. Bai fito da ita ba. Sati uku yana kiran sunan nan duk Alhamis. Lantana M. Kure.

Waɗanda suke kusa da ita suka ja baya kaɗan. Nazir ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi. Lantana, don Allah..."

"Bar shi, Nazir. Ba kai ka fara ba." Ta rufe littafin. "A Karu 'yar mai kisa ake ce min. Innata ta daina zuwa kasuwar unguwa, har Masaka take tafiya sayen kayan miya, inda ba a san ta ba. Ranar sadakar uku mutum tara suka zo. Na ƙirga. Matar da mijinta ya rasu a motar ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ce Allah ya isa, ƙannena suna ji."

Babu rawa a muryarta. Idonta a bushe.

"Ba kuka zan yi ba, Malam, kada ka damu. Na gama wannan tuni. So nake kawai na ji da bakin wani cewa ba shi ya kayar da shi ba."

"Ba shi ya kayar da shi ba."

"Sake faɗa."

"Ba mahaifinki ya kayar da kwalbatin nan ba. Ni ne."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta tsaya kamar tana jiran maganar ta yi mata wani abu. Yamusa ya gane tsayuwar, irin tasa ce.

"Sai dai hanyar a rufe take," ya ce a hankali. "Wannan ban san dalilinsa ba. Ban san me ya sa ya janye durom ba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ƙarar mota ta katse ta.

Farar fijo ce mai lambar gwamnati. Bayanta kuma katafila ce take tafe daga sansanin 'yan kwangila, ƙasa tana rawa ƙarƙashinta. Fijon ta tsaya, direba ya zagayo ya buɗe ƙofar baya.

Alhaji Nababa ya fito. Shi ne daraktan sashensu Yamusa. Kuma shi ne yayan Batulu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta tun tana firamare. A ofis Yamusa Oga yake ce masa, a gida Yaya.

Ya dubi ɗaliban. Ya dubi takardar da ke kan murfin mota. Fuskarsa ta canza.

"Yamusa, zo nan."

Yamusa ya matsa taku biyu kawai.

"Barka da rana, Oga."

"Wa ya ba ka izinin fitar da wannan daga fayil?"

"Ba kowa."

"Me suke yi a nan?"

"Karatu."

"Karatu." Nababa ya cire tabarau ya goge da bakin babbar riga. "Kwashe su ku bar wurin nan. Yau za a share tarkacen nan a binne. Sati uku aka ba mu a gina sabo. Ba za a tare a birnin nan baƙi suna wucewa suna ganin wannan abin kunyar ba."

"Sun riga sun auna, Oga."

"Sun auna me?"

"Komai. Sun gano bututun ya yi ƙanƙanta. Sun ga sunana."

Nababa ya matso har suna jin numfashin juna. Ya rage murya, amma wurin shiru yake, kowa yana ji.

"Kai wane irin mutum ne? Don darajar Batulu na rufa maka asiri. Ka san wahalar da na sha kafin rahoton nan ya fito yadda ya fito? Ka san me za a yi maka in ya canza? Takardar shaidarka ta injiniya za a karɓe, ƙila har kotu. 'Ya'yanta biyu fa? Uwa ta tafi, uba kuma gidan yari?"

"Na sani."

"Ka sani kake wannan haukan? An rufe magana. Kowa ya haƙura. Shi direban ya riga ya tafi, Allah Ya jiƙansa. Matacce ba a korarsa daga aiki, ba a kai shi kotu. Me aka rage shi da shi?"

"Sunansa."

Ba Yamusa ne ya amsa ba. Nababa ya juya.

"Ke kuma wace ce?"

"Ɗaliba ce," in ji Yamusa.

"Lantana Mato Kure," ta ce. "Ina wuni, Yallaɓai. Ka taɓa zuwa gidanmu a Legas, da aka haifi ƙanina. Ka ce Baba direba ne da ba a samun irinsa."

Nababa ya kawar da kai. Ya mayar da tabarau.

"Allah Ya jiƙan mahaifinki, yarinya. Ba haka nake nufi ba. Ki shiga mota, wannan maganar manya ce."

Ba ta motsa ba. Ta buɗe jakarta, ta zaro wata 'yar leda da aka ɗaure da roba. Irin wadda direbobi suke sa lasisi a ciki.

"A aljihun rigarsa Inna ta samu, bayan an kawo mana kayansa daga asibiti. Ruwa bai shiga ba. Ta ɓoye, ta ce in muka fito da ita za a kore mu daga kwatas, ga yara huɗu. Ni na ɗauko ba ta sani ba. Kullum tana jakata."

Ta warware robar. Ta fito da lasisin, daga bayansa ta zaro wata 'yar takarda a ninke huɗu.

"Na karanta abin da aka rubuta. Sa hannun ne ban iya karantawa ba, kuma ban san wanda zan tambaya ba." Ta miƙa wa Yamusa. "Malam, ka ce ba ka san me ya sa ya janye durom ba."

"Kawo nan," in ji Nababa.

Yamusa ya riga ya karɓa. Ya buɗe. Guntuwar takardar ofis ce, rubutun biro, layi uku. Ya karanta a fili, da muryar da ya yi darasi da ita.

"Mato, gobe ka bi sabuwar hanya, tsohuwar ta cushe da motocin kaya. Ka janye durom ka wuce. Dole kowa ya kasance a ofis kafin bakwai da rabi, baƙi na zuwa daga Legas."

Ya kai idonsa ƙasan takardar.

Shekara tara yana ganin wannan sa hannun. A takardar hutunsa, a takardar ƙarin girmansa, a kusurwar kowane fayil da ya bi ta teburinsa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi Nababa.

"Yaya."

Bai taɓa kiransa haka a wurin aiki ba.

"Yamusa, ba a nan ba."

"Ranar ina Legas ina haɗa fayil. Na bar maka Batulu. Ka ce kai za ka riƙa sauke ta a asibiti har na dawo."

"Na ce ba a nan ba."

"Wata uku ina tambayar kaina me ya kai Batulu motar ma'aikata. Ban tambaye ka ba, na ga kai ma kana cikin naka. Me ya kai ta?"

Nababa ya dubi ramin. Karo na farko kenan da ya dube shi tun da ya sauko.

"Zan je filin jirgi tarar baƙi. Na aika mata ta bi Mato." Ya rage murya. "Na ce mata ai ta sabuwar hanya za su bi, minti ashirin ta isa."

Wani cikin ɗaliban ya yi salati a hankali.

"Kana ganin ina barci?" Muryar Nababa ta tashi. "Ni na yi mata wanka tana ƙarama! Ni na kai ta makarantar jinya! Ban san ramin nan zai rufta ba, kai ka zana shi, kai ya kamata ka sani! In na faɗi, tare za mu faɗi. Wa zai riƙe yaran? Ka yi tunani!"

Ya miƙo hannu.

"Ba ni takardar nan. Da zanen. A binne tarkacen nan, a gina sabo mai baki uku, ba wanda zai sake mutuwa. Yarinyar nan ni zan kula da gidansu, ba mai taɓa su a kwatas. Me kuma ake nema?"

Yamusa ya dubi hannun. Ya dubi Lantana. Ba ta roƙe shi da ido ba, tsaye kawai take da ledar a hannu.

Ya ninke takardar yadda take, huɗu. Ya sa mata a tafin hannu. Ya je ya naɗe zanen, shi ma ya ba ta.

"Nazir."

"Na'am, Malam."

"Kowa ya rubuta awon da ya yi a littafinsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Ku goma sha shida. Yanzu, kafin ku shiga mota."

"Yamusa!"

"Awon yana buƙatar abin da aka auna, Oga. In aka binne bututun, sai a ce yara ne suka yi kuskure."

Ya cire agogonsa ya ajiye a kan murfin mota. Ya juya ya gangara cikin ramin, ba sauri, yana dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ya taka ruwan da takalminsa. Ya hau kan bututun ya zauna, ya zuba hannuwa a kan gwiwa.

Katafilar tana tsaye a bakin gangaren, injinta yana ƙugi. Mai tuƙa ta ya leƙo, ya dubi mutumin da ke zaune a ƙasa, ya dubi Nababa.

"Oga, akwai mutum a ciki fa."

Nababa bai dubi ramin ba.

"Zai tashi."

"Oga..."

"Na ce ka sauke katafilar. Zai tashi."

Mai katafila ya goge gumi da hularsa. Ya kama ƙarfen giya.

Bakin katafilar ya sauko ya daki ƙasa, ta fara gangarowa.

Yamusa yana kallonta. Ko ƙifta ido bai yi ba.